Me ya sa lagwanin cire solda ke manne wa fanel maimakon ya sha?

Tambaya: Ina koyon gyaran kayan lantarki. Na so in canza kafasitoci biyu da suka kumbura a fanel ɗin wata kwamfuta, wato allon da kayan lantarkinta ke liƙe a kai, sai na samo lagwanin jan ƙarfen nan da ake tsotse solda da shi. Na ɗora shi, na danna da ayan, wato ƙarfen narka solda, amma ya ƙi sha. A ƙafa ɗaya ma mannewa ya yi, da na ja sai ya taho da fad ɗin gaba ɗaya, wato ɗan fallen jan ƙarfen da ake liƙa ƙafar a kai. Lagwanin ne jabu, ko ayan ɗina ne ba shi da ƙarfi? Kuma fanel ɗin ya mutu ke nan?

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Kada ka jefar da fanel ɗin tukuna, akwai yiwuwar ya tashi, kuma zan zo kan wannan. Lagwanin naka yana iya zama marar kyau, amma daga yadda ka kwatanta, abin da na fi zargi shi ne zafi bai taɓa ratsa soldar har ciki ba, kai kuma ka cike giɓin da dannawa da jira. Danni da daɗewa su ne ke ɓamɓare fad. Ayan da ke ba da zafi sosai cikin ɗan lokaci ya fi tausaya wa fanel a kan ayan mai rauni da za ka jingina a wuri ɗaya kana jiran ikon Allah.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Lagwanin nan, wanda masu gyara ke ce wa wik, siraran zaruruwan jan ƙarfe ne da aka kitse su, sannan aka shafe su da fulaks, wato maganin da ke share tsatsar ƙarfe don solda ta kama. Tsakanin zare da zare akwai 'yan ƙananan kafofi. Idan solda ta narke ta taɓa jan ƙarfe mai tsabta kuma mai zafi, sai ta jiƙa shi ta bi waɗannan kafofi ta haura da kanta, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila ba tare da wani ya tura shi ba. Babu tsotsa irin ta famfo a nan, kuma ƙarfin hannunka ba ya ƙara komai. Sharuɗɗa uku ne dole su haɗu a lokaci guda: soldar ta narke gaba ɗaya, lagwanin ya yi zafin da ya wuce inda solda ke narkewa, fuskar jan ƙarfen kuma ta kasance fes. Ɗaya ya ɓace, aikin ya tsaya.

Na biyun ne mutane suka fi mantawa. Jan ƙarfe yana cikin ƙarafan da suka fi saurin kwashe zafi, azurfa kaɗai ta fi shi. Da ka sa lagwani tsakanin bakin ayan da solda, ka sa wani abu da ke sace zafin yana gudu da shi tsawon zaren har zuwa cikin naɗin. Ke nan ayan ɗinka yana ɗumama abu uku ne: lagwani, solda, da jan ƙarfen fanel ɗin da ke ƙarƙashi. Idan bakin ayan ɗin siriri ne mai tsini irin na allura, wurin da yake taɓa lagwanin bai wuce ɗigo ba, kuma ta wannan ɗigon ne duk zafin zai bi. Ko ka murɗa shi zuwa digiri 450 a ma'aunin Salshiyas ba zai wadatar ba, sai dai fulaks ya ƙone ya yi baƙi, bakin ayan ɗin ma ya lalace. Baki mai faɗi irin na kurfi, wanda faɗinsa ya yi kusan daidai da na lagwanin, zai yi maka aikin a digiri 350. Lambar da kake gani a jikin na'ura tana gaya maka zafin bakin ne kafin ya taɓa komai, ba ta gaya maka yawan zafin da zai iya zubawa cikin aikin ba. Wannan ya dogara ne da kaurin baki da kuma ƙarfin ayan ɗin. Don irin fanel ɗinka, ayan mai wat 60 zuwa sama, wanda ke daidaita zafinsa da kansa, shi ne mafi ƙarancin abin da zan ba ka shawara.

Bakin ayan kuma kada ya zama busasshe. Wasu suna goge shi tas kafin su ɗora a kan lagwani, wai don kada su ɓata lagwanin da solda. Ka bar ɗan ɗigon solda mai ƙyalli a bakin. Wannan ɗigon zai shiga tsakanin zaruruwan ya haɗa bakin da lagwanin, zafi ya wuce nan take. Ɗan abin da lagwanin zai sha daga bakin ayan bai kai ya zama asara ba.

Sai fulaks. Duk jan ƙarfen da iska ta taɓa yana yin wata siririyar tsatsa da ido ba ya gani da farko, daga baya launinsa ya dusashe ya koma ruwan ƙasa. Solda ba ta jiƙa wannan tsatsar. Ita ma tsohuwar soldar da ke kan fanel tana da nata ɓawon. Aikin fulaks shi ne ya cinye waɗannan idan ya ji zafi, ya bar ƙarfe da ƙarfe su haɗu. Wanda aka shafa wa lagwani daga masana'anta ɗan kaɗan ne, yana tsufa, kuma a lagwani mai araha sau da yawa kusan babu shi. Ni ban taɓa ganin dalilin rowar fulaks a wannan aiki ba. Ka shafa a kan soldar, ka shafa a bakin lagwanin, ko da sabo ne dal. Lagwani da yawa da ake zagi a matsayin jabu, da zarar sun ji fulaks sai su kama sha. Amma ka tabbata na kayan lantarki ne, irin na rozin da ake samu daga ƙaron itacen fayin, ko wanda aka rubuta cewa ba ya bukatar wanki. Na masu haɗa bututun ruwa yana da asid mai ƙarfi, zai yi maka aiki yau, bayan 'yan watanni ya cinye layukan fanel ɗin su yi kore.

Yanzu irin soldar. Tsohuwar solda mai kashi 63 na kuza da kashi 37 na dalma tana narkewa a digiri 183 a ma'aunin Salshiyas, kuma tana gudu kamar ruwa. Daga ranar 1 ga Yulin 2006 dokar Tarayyar Turai mai suna RoHS ta hana dalma a yawancin sabbin kayan lantarki, masana'antun duniya kuma suka bi, domin ba wanda zai so a rufe masa wannan kasuwa. Idan kwamfutarka ta bayan wannan lokacin ce, kusan tabbas soldar da ke jikinta marar dalma ce. Wadda aka fi amfani da ita, SAC305, tana da kashi 96.5 na kuza, kashi 3 na azurfa da rabin kashi na jan ƙarfe, kuma sai ta kai digiri 217 zuwa 220 take narkewa. Ta kuza da ɗan jan ƙarfe kaɗai sai 227. Bayan wannan tazara ta kusan digiri 35 zuwa 45, marar dalma tana da nauyin jiki, ba ta saurin jiƙa ƙarfe. Shi ya sa lagwanin da ya yi maka aiki sumul a tsohuwar rediyo zai tsaya ƙememe a kan fanel na zamani.

Maganin wannan yana ba sabon shiga mamaki: kafin ka cire solda, ƙara mata solda. Ka narka sabuwa mai dalma a kan tsohuwar har su gauraye su zama dunƙule ɗaya mai ƙyalli. Cakuɗar za ta narke a ƙasa da inda tsohuwar take narkewa, sabon fulaks ɗin da ke cikin wayar soldar ya shiga, kuma dunƙulen ya zama hanyar da zafi zai bi ya gangara cikin rami. Idan aikin na wanda ya ce dole kayansa su zauna ba dalma ne, sai ka ƙara sabuwar marar dalma, ita ma tana taimakawa ko da ba ta kai waccan ba. Akwai kuma soldar da ke narkewa a ƙaramin zafi, irin ta kuza da bismut mai narkewa a digiri 138, da wasu na musamman don cire kaya kamar Chip Quik da ke narkewa a ƙasa da haka nesa. Suna da amfani ƙwarai a kan abu mai ƙafafu da yawa, amma sai ka kwashe su tas kafin ka yi sabon liƙi. Bismut idan ya haɗu da dalma da kuza yana yin cakuɗar da ke narkewa a wajen digiri 96, zafin da wani ɓangaren na'ura kan iya kusanta yana cikin aiki, liƙin ya yi rauni ya tsage.

Ga yadda hannu ke tafiya idan komai ya daidaita. Ka warware lagwani ka ɗan tura shi ta tsawonsa da yatsu biyu don kitson ya buɗe, saboda wanda aka ja ya miƙe yana matsewa, kafofinsa su ragu. Ka kwantar da ƙarshensa a kan soldar, ba tsakiyarsa ba, domin a tsakiya zafi yana gudu ta ɓangare biyu. Ka kwantar da gefen bakin ayan mai faɗi a kai, da nauyin da bai wuce na riƙe biro ba. Fulaks zai yi ɗan ƙara, hayaƙi ya tashi. Cikin daƙiƙa biyu ko uku za ka ji lagwanin ya ɗan nutse a ƙarƙashin bakin, alamar soldar ta saki, sannan ka ga launin azurfa yana fitowa daga ƙarƙashin bakin yana cin jan lagwanin, milimita bayan milimita. Da ka ga farin ya daina tafiya, wannan wurin ya ƙoshi. Ka ɗaga ayan da lagwanin tare, a motsi ɗaya, sama. Idan ayan ya riga tashi ko da da ƙiftawar ido ne, soldar da ke cikin lagwanin ta daskare ta liƙe shi da fad, kuma abin da ya same ka ke nan.

Idan ya manne, ka saki hannunka. Kada ka ja, kada ka murɗa, kada ka gwada ko zai fita. Ɗiga fulaks, sa ɗigon solda a bakin ayan, mayar da shi kan wurin, ka jira har lagwanin ya motsa da kansa. Fad ba wani abu ba ne illa ɗan fallen jan ƙarfe wanda kaurinsa a yawancin fanel bai wuce maikuron 35 ba, wato bai kai kaurin gashin kai ba, kuma gam ne ke riƙe da shi a jikin fanel. Fanel na zaren gilashi da ake kira FR-4 yakan fara laushi tun daga wajen digiri 130 zuwa 140 a nau'insa na gama-gari. Ke nan duk lokacin da solda take narke, abin da ke riƙe da fad ɗin ya riga ya yi laushi, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, sai ya huce yake dawowa. Duk wani ja ko gogawa a wannan lokacin a kan gam mai laushi kake yin sa. Fanel mai ruwan ƙasa na takarda da ake samu a kayan araha ya ma fi wannan saurin saki. Saboda haka idan daƙiƙa huɗu ko biyar sun wuce ba ka ga farin nan ba, ɗaga, bar wurin ya huce, ka tambayi kanka abin da ya rage: fulaks, sabuwar solda, ko baki mafi kauri. Ƙara daƙiƙa goma a kan abin da bai yi ba ba zai sa ya yi ba.

Ɓangaren da ya sha kuma ka yanke shi. Lagwanin da ya cika ba ya ƙara ɗauka, sai ma ya mayar maka da solda kan fanel. Ina son a bar kamar milimita ɗaya na farin a baki lokacin yankewa, yana hana zaruruwan tarwatsewa kuma yana saurin karɓar zafi. Idan ayan ɗinka ba mai ƙarfi ba ne, yanki guntu kamar santimita biyu ko uku ka riƙe da hantsaki, ta haka babu dogon zaren da zai sace zafin. Kada ka riƙe kusa da baki da yatsa, zafin yana isowa kafin ka ankara, kuma zaburar da za ka yi tana iya tafiya da fad.

To, mu dawo kan kafasitocinka, domin a nan ne nake ganin an fara da kayan aikin da bai dace ba. Babban fanel na kwamfuta ba fuska biyu kaɗai gare shi ba. A cikinsa akwai shimfiɗu na jan ƙarfe da ba ka gani, wasu faɗinsu ya kusan cika fanel ɗin, na giraun, wato ɓangaren da wuta ke komawa ta cikinsa, da na wuta. Ramin da ƙafar kafasita ke shiga an yi masa rufin jan ƙarfe daga sama har ƙasa kamar ɗan bututu, kuma wannan bututun yana haɗe da waɗancan shimfiɗu. Kafasitan tace wuta yawanci ƙafarsa ɗaya tana kan giraun, ɗayar tana kan shimfiɗar wuta. Zafin da ka zuba yana watsewa cikin faɗin fanel ɗin kafin soldar da ke tsakiyar ramin ta ji komai. Lagwani zai lashe ta saman ya bar ta ciki daskare, kai kuma ka ga fuska ta yi fes ka ɗauka an gama, ƙafa kuwa ko gezau. Mafi muni ma, yanzu babu soldar saman da za ta kai zafi ciki.

A irin wannan wuri ba a fara da lagwani. Ana fitar da kafasitan ne tukuna, sannan a share ramin. Da farko ka lura da ɓangaren da ƙafar nagatif take, ka ɗauki hoto, domin alamar da ke jikin fanel ba iri ɗaya ba ce a wurin kowane kamfani. Ka ɗumama yankin gaba ɗaya da bulowa mai busa iska mai zafi daga nesa, ko a kan farantin ɗumama fanel, zuwa wajen digiri 100 zuwa 120, yadda shimfiɗun ciki za su rage ƙishirwar zafi. Wannan mataki kaɗai yana sauya aikin fiye da duk wata dabara. Ka ƙara sabuwar solda a ƙafafun biyu. Tunda suna kusa da juna, baki mai faɗi zai iya taɓa su tare, ko ka riƙa zuwa wannan ka koma wancan da sauri. Da ɗaya hannun ka riƙe jikin kafasitan ta ɗaya fuskar kana ɗan karkata shi a hankali, ba ja ba. Idan soldar ta narke har ciki, zai zame ya fito ba gardama. Idan ka ji yana turjiya, ba ta narke ba, kuma idan ka tilasta za ka zaro bututun ramin tare da ƙafar, wanda ya fi ɓallewar fad muni nesa ba kusa ba.

Da ƙafa ta fita, ramin zai rage cike da solda. A nan lagwani zai iya shiga. Cika ramin da sabuwar solda har ta ɗan yi tudu, sa fulaks, ɗora lagwani, ka ba shi zafi. Saboda soldar a haɗe take daga sama har ƙasa, idan ta narke duka lagwanin zai janye ta gaba ɗaya, ka ɗaga fanel ɗin ka hango haske ta ramin, zagaye, da ɗan farin rufi a bangonsa. Idan rabi ya fita rabi ya rage, kada ka ci gaba da goga busasshen lagwani a kai, sake cikawa ka sake gwadawa. Ramin giraun da ya ƙi duk wannan, ka narka soldar ta fuska ɗaya ka zura siririyar allurar bakin ƙarfe marar tsatsa ta ɗayar, ka bari ya huce kana ɗan juya ta. Solda ba ta kama irin wannan ƙarfe, allurar za ta fita ta bar hanya. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne huda ramin da diril. Yana cinye rufin bangon, ya yanke haɗin da ke tsakanin ramin da shimfiɗun ciki, kuma wannan ɓarna ba a ganin ta da ido.

Famfon tsotsa na hannu yana da wurinsa a ramuka, musamman a fanel mai fuska ɗaya inda solda take da yawa, ya kwashe mafi yawa lagwani ya share saura. Wanda aikinsa kullum cire kaya masu ƙafafu ne, bindigar tsotsa mai baki rarake irin Hakko FR-301 ta fi duka biyun. Inda lagwani ba shi da na biyu shi ne a kan fuska. Idan solda ta haɗe ƙafafu biyu na aisi, wato ɗan guntun nan mai ƙafafu da yawa da ke kwance a kan fanel, ɗan siririn lagwani da fulaks zai ɗauke abin da ya yi yawa ya bar liƙin da ke ƙarƙashin ƙafafun. Idan ka cire aisi ko soket ɗin caji da bulowa, shi ne zai daidaita maka fad-fad ɗin su kwanta sumul don sabon ya zauna daidai. A nan ne mutane ke jan lagwani a kan jerin fad, kuma ana yin hakan, amma da sharaɗi: fulaks ya wadata har lagwanin yana shawagi a kansa, babu danni ko kaɗan, kuma a bi tsawon fad ɗin, kada a ratsa shi ta gefe. Da ka ji ya ɗan cije, tsaya cak, zafi ya ragu ne. Fad-fad ɗin da ke ƙarƙashin aisi mai ƙananan ƙwallayen solda a madadin ƙafafu, musamman waɗanda ba a haɗa su da kowane layi ba, babu abin da ke riƙe da su sai gam, su ne ke fara tafiya. Busasshen lagwani kuma yana kankare koren fentin da ke tsakanin fad, daga baya solda ta bi wurin ta haɗe abin da bai kamata ya haɗu ba. Kada kuma ka yi ƙoƙarin cire aisi mai kwance a fuska da lagwani kaɗai, domin komai shan da ya yi, akwai siririyar solda da ke rage tsakanin ƙafa da fad, kuma ta isa ta ɓamɓaro shi idan ka ɗaga.

Game da girma, ka zaɓi wanda faɗinsa ya yi daidai da fad ko ya ɗan gaza. Wanda ya fi faɗi yana cin zafi a banza kuma yana taɓa maƙwabta ya kwashe musu solda, ko ya ture ɗan ƙaramin razistan da ke gefe. Wanda ya yi siriri da yawa yana cika nan da nan. Ana samun su daga ƙasa da milimita 1 har sama da milimita 5. Na kamfanin Goot na Japan lambarsa tana faɗa maka girman, CP-2015 na nufin faɗin milimita 2 da tsawon mita 1.5. Ga mai koyo, milimita 1.5 da 2.5 sun isa yawancin aiki. Mai kyau za ka gan shi ja mai haske, zaruruwansa sirara sosai, kitsonsa a cike. Gwajin naka mai sauƙi ne: narka ɗan dunƙulen solda a kan wani mataccen fanel mai fuska ɗaya, ka gwada lagwanin yadda yake, sannan ka gwada da fulaks. Idan ya sha a karo na biyu, fulaks ne babu. Idan ya ƙi duka biyun ga shi ya yi duhu, ka rabu da shi. Ka riƙa ajiye shi a rufe cikin leda mai zif, kuma ka rage shafa shi da yatsu, gumi yana dusashe shi.

Yanzu fad ɗin da ya ɓalle. Duba wurin da madubin ƙara girma. Idan zoben waje ne kawai ya tafi, bututun cikin ramin yana nan da farinsa, to da sauƙi. Sa mita a kan gwajin haɗuwa. Idan ƙafar giraun ce, taɓa bangon ramin da tsinke ɗaya, ɗayan a kan zoben ramin sukurun fanel ko ƙarfen jikin soket. Idan ta wuta ce, nemi wani kafasitan da ke jere da shi a layi ɗaya ka gwada da irin ƙafarsa. Mita ta yi ƙara, haɗin ciki yana nan, sai ka sa sabon kafasita ka bar solda ta gangara ta cika ramin ta kama bango da zoben ɗaya fuskar. Idan akwai layin da ke zuwa ga fad ɗin ta fuskar da ya ɓalle, kankare koren fentin layin kaɗan har jan ƙarfe ya bayyana, shafa masa solda, lanƙwasa ƙafar kafasitan ta kwanta a kai ka liƙe. Idan mita ta yi shiru, sai ka ja waya daga ƙafar zuwa wuri mafi kusa da ke kan wannan layi. Ta zama gajera kuma mai ɗan kauri, domin kafasitan tace wuta yana ɗaukar karan, wato gudun wuta, mai yawa, doguwar siririyar waya za ta rage masa amfani. Ka ɗaure gyaran da ɗan gam na ifoksi ko koren fentin da ake busarwa da fitilar UV. Kada ka sa sufa gulu, idan ayan ya taɓa shi daga baya yana fitar da hayaƙi mai yaji a ido da hanci. Sabbin kafasitocin su zama masu jure digiri 105, irin waɗanda aka yi don wannan aiki na tace wuta mai saurin bugawa, ƙarfin boltinsu kuma kada ya gaza na tsofaffin.

Lafiyarka ma tana cikin lissafi. Kafin ka ɗora lagwani a ko'ina, cire wuta, cire batir har da ɗan ƙaramin nan mai kama da kwabo, domin lagwani waya ce tsirara da za ta haɗe duk abin da ta kwanta a kai. Ranar da za ka taɓa fanel ɗin da ke karɓar wutar gida kai tsaye, ka sani babban kafasitansa yana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare filogi, sai ka auna ka sauke shi ta razista tukuna. Hayaƙin da ke tashi na fulaks ne, ba na dalma ba, don dalma ba ta tafasa sai ta haura digiri 1,700. Amma hayaƙin rozin sananne ne wajen jawo asma ga masu shaƙarsa kullum, kuma aikin lagwani yana tayar da shi fiye da liƙi na yau da kullum saboda yawan fulaks. Sa ƙaramar fanka ta janye shi daga fuskarka, ka yi aiki inda iska ke shiga. Dalma ta hannu take shiga jiki, don haka ka wanke hannu da sabulu kafin ka kai komai baki, guntayen lagwanin da suka sha solda kuma ka tara su a gwangwani mai murfi inda yara ba za su kai ba.

Bayan ka gama, wanke wurin da sifirit na aisofurofil mai kashi 99 da ɗan buroshi, ka goge da ƙyalle marar gashi tun bai bushe ba, in ba haka ba narkakken fulaks ɗin zai bazu ne kawai ya sake daskarewa. Sannan ka karkata fanel ɗin a gaban fitila ka duba da madubi. Lokacin yanka lagwani, 'yan guntayen zare masu siririn gashi kan faɗo, kuma guda ɗaya da ya kwanta tsakanin ƙafafun aisi ya isa ya hana kwamfutar tashi ko ya ƙona wani abu. Shi ya sa ake yanka lagwani a gefe, ba a saman fanel ba. Kafin ka ba shi wuta, auna tsakanin ƙafafun kowane sabon kafasita da mita. Za ka iya jin ɗan gajeren ƙara yayin da yake cika, sannan ya yi shiru. A wasu layukan, kamar wanda ke ciyar da furosesa, ƙaramin adadi abu ne da aka saba gani, don haka ka kwatanta da kafasitan da ke kusa wanda ba ka taɓa ba, ko da awon da ka ɗauka kafin ka fara. Idan ka ga sifili inda da ba sifili ba ne, kada ka kunna, koma ka nemi solda ko zaren da ya haɗe su.